Tara, Diyya, Kaffara da Biyan Ɓarna: Kowace Kalma da Mazauninta

Godiya ta tabbata ga Allah, Ubangijin da Ya tsayar da sammai da ƙasa bisa adalci, Ya haramta zalunci ga kanSa, Ya kuma haramta shi tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa musulmi na Tanut da Belbeji, da na Gangara da Olelewa da Falanko da Tenhiya, manoma da makiyaya, mazauna gari da mazauna ruga, Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Darasinmu na yau a kan wasu kalmomi ne da ba su rabuwa da bakinmu a zauren maigari da kasuwa da bakin hanya, su ne tara, da diyya, da kaffara, da fidiya, da biyan ɓarna. Mutane da yawa sun cuɗe su sun mai da su abu guda, duk kuɗin da aka karɓa daga hannun mai laifi sai su ce tara ce, duk kuɗin da aka ba wanda aka cuta sai su ce diyya ce. Kada wani ya ɗauka wannan gyaran harshe ne kawai. Idan suna ya sauya, hannun da kuɗin zai shiga shi ma yakan sauya, sai haƙƙin maraya ya koma aljihun mai sulhu, haƙƙin miskini ya koma ginin masallaci, mutum ya tafi yana zaton ya sauke nauyi alhali yana nan a wuyansa.

Tambayoyi huɗu

Ku sani, Allah Ya yi muku rahama, duk dukiyar da aka ce wa mutum ya fitar saboda wani abin da ya aikata, ana gane hukuncinta da tambayoyi huɗu. Wa ya ɗora ta? Saboda wane laifi? Da wane ma'auni aka auna ta? Hannun wa za ta shiga? Da amsar waɗannan ne dukiyar take kasuwa gida uku. Akwai haƙƙin Allah, shi ne kaffara da fidiya, masu karɓarsa miskinai ne. Akwai haƙƙin bawa, shi ne diyya da biyan ɓarna, mai karɓarsa wanda aka cuta ne ko magadansa. Akwai haƙƙin jama'a, shi ne tara, mazauninta baitulmali. Abin da bai shiga ɗayan gidajen nan uku ba, to, ku dube shi da kyau, galibi rashawa ce ko riba ta sanyo rigar wani.

Kaffara da fidiya

Mu fara da haƙƙin Allah, tun da cikin watanSa muke. Asalin kalmar kaffara a Larabci rufewa ne, domin tana rufe zunubi. Ba sarki ne ke ɗora ta ba, ba alƙali ne ke ƙayyade ta ba, Allah da ManzonSa ne suka yanka adadinta. Wanda ya ci ko ya sha ko ya sadu da iyalinsa da rana cikin Ramadan da gangan, ba da mantuwa ba, ba kuma da wani uzuri ba, to ramuwar yinin ta hau kansa tare da kaffara: ya ciyar da miskinai 60, kowane mudu ɗaya da mudun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ƴanta wuya, ko ya yi azumin wata 2 a jere. A mazhabarmu ta Imamu Malik zaɓi aka ba shi tsakanin ukun, ciyarwa kuwa ita ce aka fi so. In ya karya yini biyu, kaffara biyu ce. Wanda ya ci da mantuwa, ramuwa kawai ke kansa.

Kaffarar rantsuwa tana cikin Suratul Ma'ida, aya ta 89: ciyar da miskinai 10, ko tufatar da su, ko ƴanta wuya. Wanda bai sami ikon ko ɗaya ba, shi ne zai yi azumin kwana 3. Da yawa daga cikinmu da zarar sun karya rantsuwa sai su ruga ga azumi alhali rumbunsu cike yake da hatsi, wannan azumin bai isar musu ba.

Fidiya kuwa fansa ce, ta wanda ya kasa ce, babu zunubi tare da ita. Tsoho tukuf da ba ya iya azumi, an so ya ba da mudu ɗaya a madadin kowane yini. Mai shayarwa da ta ji tsoro ga ɗanta ta sha azumi, za ta rama ta kuma ciyar. Mai ciki, a bisa magana mafi shahara, ramuwa kawai za ta yi. Wanda ya yi sakaci da ramuwa har wani Ramadan ya riske shi, zai rama tare da mudu ɗaya ga kowane yini, shi ne malamai ke kira ƙaramar kaffara. Haka alhajin da ya aske kansa cikin harami saboda wata cuta, Suratul Baƙara aya ta 196 ta ba shi zaɓi tsakanin azumi da sadaka da yanka, sunna ta fayyace cewa azumin kwana 3 ne, sadakar kuwa miskinai 6 ne, kowane mudu 2.

Tanbihi a nan guda uku ne. Na farko, mudun Annabi cikin tafin hannu biyu ne na mutum matsakaici, tiyar kasuwar Bakin Birji ta fi shi girma nesa, saboda haka kada tsoron yawa ya hana mutum fitarwa. Na biyu, adadin miskinai abin lura ne: wanda ya tattara mudu 60 ya ba mutum guda, miskini ɗaya ya ciyar. Na uku, ba a ba da kaffara ga wanda ciyar da shi ya wajaba a kanka, kamar matarka da ƙananan ƴaƴanka, ba a sayen tabarmar masallaci da ita, ba kuma ladan malamin da ya ba da fatawa ba ce.

Diyya

Diyya a harshen shari'a dukiyar da ake bayarwa ce saboda rai ko gaɓa. A yau mukan ji masu labarai a rediyo suna cewa an biya diyya ga wanda hanya ta bi ta gonarsa ko wanda aka rushe masa shago. Wannan faɗaɗawar harshe ce, ba mu hana ta ba, sai dai a san cewa a littattafan fiƙihu sunan wancan ƙima ne, watau darajar abin da aka rasa. Diyya ta haƙiƙa tana da adadi yankakke. Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, wadda kowane almajiri a ƙasar nan ya buɗe ido da ita, ta kawo cewa diyyar rai raƙuma 100 ce ga masu raƙuma, dinari 1,000 ga masu zinariya, dirhami 12,000 ga masu azurfa. Malaman wannan zamani sun ƙiyasta dinari ɗaya da giram 4.25 na zinariya, ke nan diyyar rai ta haura kilo 4 na zinariya. Ku auna wannan da abin da ake miƙa wa iyalan mamaci a yau, za ku ga yadda shari'a ta ɗaukaka jinin ɗan Adam.

Gaɓoɓi ma kowace da nata. Hannu ɗaya rabin diyya ne, ido ɗaya rabin diyya, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Asalin wannan yana cikin takardar da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika da ita tare da Amru ɗan Hazmu, Imamu Malik ya kawo ta a Muwaɗɗa. Raunin da shari'a ba ta yanka masa adadi ba, masana ne ke ƙiyasta shi bayan ya warke, malamai suna kiran wannan ƙiyasi hukuma. Kalmar ta yi daidai da wadda muke kiran gwamnati da ita, amma ma'anarsu dabam.

Kisan kuskure ba a kan mai kisan shi kaɗai diyyarsa take ba. Danginsa na wajen uba, waɗanda ake kira aƙila, su ne ke ɗaukarta cikin shekara 3, haka duk raunin kuskure da ya kai sulusin diyya. Abin da bai kai sulusi ba, da diyyar ganganci idan magada sun yarda da ita, daga dukiyar mai laifin ake fitarwa. Diyya kuwa gado ce, ana raba ta yadda ake raba abin da mamaci ya bari: matarsa tana da rabonta, uwarsa tana da nata, marayunsa suna da nasu. Baffan da ya tsaya a gaban jama'a ya ce mun yafe, alhali mamacin ya bar ƙananan yara, ya yi kyauta da abin da ba nasa ba. Baligi yana iya yafe rabonsa, Allah Ya ba shi lada, amma rabon maraya ba mai yafe shi don neman yabo.

Ga misalin da zai tara muku gidajen nan uku wuri guda. Direba ne ya taso daga Damagaram ya nufi Agadas, takardun motarsa ba su cika ba, ya kaɗe mutum bisa kuskure ya mutu. Abu uku suka hau kansa. Diyya ga magada, sai fa in sun yafe. Kaffara ga Allah, ita ce azumin wata 2 a jere tun da babu wuyan ƴantawa a yau, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 92, kuma a mazhabarmu ciyarwa ba ta tsayawa a madadin wannan azumi. Sannan tarar hukuma saboda saɓa dokar hanya. Biyan tara bai sauke diyya ba, yafewar magada ba ta sauke kaffara ba. In kamfanin inshora ne ya biya iyalan, kuɗin gado ne a raba shi bisa shari'a, azumin kuwa yana nan yana jiran direba.

Biyan ɓarna

Yanzu mun iso inda ya fi shafar Damargu. Ƙasarmu ƙasar hatsi ce, ƙasar dabbobi ce kuma, gona da makiyaya kafaɗa da kafaɗa suke. Kowace kaka, kafin hukuma ta ba da sanarwar sakin gonaki, zaurukan masu gari da na sarakuna sukan cika da ƙarar ɓarna. Abin da makiyayi ke biya a nan, mutane suna ce masa tara, amma sunansa na gaskiya biyan ɓarna, a Larabci lamuni ne na abin da aka lalata. Bambancin babba ne. Tara horo ce, da girman laifi ake auna ta. Biyan ɓarna mayar da haƙƙi ne, da girman hasara ake auna shi, ba ya ƙaruwa don makiyayi yana da garke babba, ba ya raguwa don manomi ba shi da kowa. Ƙa'idar malamai ita ce, abin da ake aunawa da mudu ko sikeli ana biyansa da irinsa, kamar hatsin da aka riga aka sussuke, abin da ba haka ba ana biyan ƙimarsa.

Wannan shari'a ta girmi kakanninmu. Suratul Anbiya'i, aya ta 78 da ta 79, ta ba mu labarin Annabi Dawuda da ɗansa Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su, lokacin da suka yi hukunci a kan shukar da tumakin wasu mutane suka shiga da dare. Masu tafsiri suka ce Dawuda ya hukunta a ba mai gona tumakin. Sulaimanu ya ga a ba mai gona tumakin ya amfana da nononsu da gashinsu, mai tumaki kuwa ya yi aikin gonar har ta koma yadda take, sannan kowa ya karɓi abinsa. Allah Ya yabi su biyun da hukunci da ilimi, Ya kuma ce Sulaimanu Ya fahimtar da mas'alar. Ku lura da hikimar: an mayar wa manomi haƙƙinsa cikakke, ba a kuma raba makiyayi da asalin dukiyarsa ba.

A zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, taguwar Bara'u ɗan Azibu ta shiga garkar wani mutum ta yi ɓarna. Sai aka hukunta cewa tsaron garka da rana yana kan masu ita, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya. Imamu Malik ya ruwaito wannan, Risala ta tafi a kansa. Wasu makiyaya sun riƙe rabin maganar suna cewa ɓarnar rana ba ta da biya. To, su saurari sauran. Shaihu Halilu a cikin Muhtasar ya sa sharaɗi biyu kafin biyan ɓarnar rana ya faɗi: ya zamana babu makiyayi tare da dabbobin, kuma an sake su nesa da gonaki. In akwai mai kiwo tare da su ya yi sakaci, ko an kora su gab da shuka, biya ya hau kansa ko da rana tsaka ce. Ya kuma bayyana cewa ɓarnar dare ana biyanta ko da ta fi kuɗin dabbobin da suka yi ta.

Yaya ake ƙiyasta shukar da ba ta nuna ba? Malamai suka ce a ƙiyasta ta tsakanin fata da tsoro. Ma'ana, a ƙaddara gona ce da ake sa ran dami 40, dabbobi suka cinye rubu'inta tun hatsi bai fid da kai ba. Masu ƙiyasi ba za su ce dami 10 cif ba, domin ruwa yana iya ɗaukewa, fara ko tsuntsu suna iya sauka. Ba kuma za su ce kuɗin ciyawa kawai ba, domin shukar tana iya kai wa ga girbi. Za su tsaya a tsakani, gwargwadon abin da mai hankali zai yarda ya ba da a kan wannan shuka a wannan hali. Masu ƙiyasin kuwa su zama adilai, sun san noma, sun taka gonar da ƙafarsu, kuma a sami na ɓangaren manoma da na ɓangaren makiyaya.

Dokokin ƙasa su ma sun yi magana a nan. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, layin kuwa ya ratsa ta ƙasarmu, abin da ke arewa da shi makiyaya ce, wanda ya yi gona a can doka ba ta ba shi biyan ɓarna ba. Kundin dokokin karkara na 1993 ya kawo kwamitocin kula da filaye, dokar kiwo ta 2010 ta tabbatar da wancan layi, ta kare burtali da mashaya, ta sa a fara da sulhu kafin a je gaban alƙali. Saboda haka manomin da ya shuka cikin burtali ko ya kewaye rijiyar makiyaya da gona, sannan ya zauna yana jiran saniya ta taka don ya ci kuɗi, ya san tarko ya kafa, abin da ya karɓa ba halal ba ne. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Makiyayin da ya kora garke cikin hatsin bawan Allah da dare ya gudu kafin asuba, ya san guminsa na shekara ya cinye, in ya tsere wa maigari ba zai tsere wa ranar hisabi ba. Kada kuma manomi ya rama da sare dabba ko dukan yaro mai kiwo, domin a nan ya buɗe wa kansa sabon biya, wataƙila ma diyya. Manyanmu ba su manta da abin da ya faru a Toda cikin jihar Maradi a 1991 ba, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, mafi yawansu mata da yara. Allah Ya kiyaye mu da ganin irinsa.

Tara

Kalmar tara a rubutun boko fuska ɗaya gare ta da tara ta lissafi, amma a baki ana jan farkon ta hukunci, ba a jan ta lissafi, a ajami ma alif ne ke raba su. Larabawa suna ce mata garama. Bahaushe kuwa da zai yi mata aiki sai ya ce an ci shi tara. Wannan kalma ta ci tana ɗauke da tambaya: wa ya ci?

Malamai sun yi saɓani a kan horo da karɓar dukiya. Mafi yawansu a mazhabobi huɗu sun hana, hujjarsu ita ce dukiyar musulmi tana da alfarma, kuma in aka buɗe wannan ƙofa azzaluman masu mulki za su mai da laifin talakawa gonarsu. Abu Yusufa almajirin Abu Hanifa ya halatta wa shugaba, haka Ibnu Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, kuma Ibnu Farhuna daga malamanmu ya kawo misalanta a cikin Tabsiratul Hukkam. Daga hujjojinsu akwai hukuncin Sayyidina Umar lokacin da bayin Haɗibu suka sace taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka: da ya gane yunwa ake bar su da ita, sai ya ɗora wa ubangidansu ninkin kuɗinta, dirhami 800 maimakon 400. Imamu Malik ya kawo wannan a Muwaɗɗa, sannan ya bayyana cewa aikin mutanen Madina bai gudana a kan ninkawa ba. Malamanmu sun kuma rarrabe tsakanin horo a cikin dukiyar da aka yi laifin da ita, kamar nonon da aka gauraya da ruwa a karɓe shi a yi sadaka da shi, wannan sun yarda da shi, da karɓar wata dukiya dabam, a nan ne saɓanin ya yi ƙarfi. A Tunis ma an yi muhawara mai zafi a kanta tsakanin Shaihu Burzuli da ya halatta saboda lalurar zamani da Shaihu Shamma'u da ya yi masa raddi.

Tsoron da masu hanawa suka ji ya tabbata a ƙasar Hausa. Shaihu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, ya lissafa a Kitabul Farƙi abubuwan da ya soki sarakunan zamaninsa da su, a ciki har da ɗora wa mutane kuɗaɗen da shari'a ba ta ɗora ba, da karɓar gaisuwa, da karɓe dukiyar mai laifi a madadin hukuncin da Allah Ya yanka. Inda aka saba da haka, mai kuɗi yakan sayi laifi, talaka ya ɗauki horon.

A yau hukuma tana cin tara a kan dokar hanya, da saran itatuwan da aka hana sara kamar gawo, da shigo da kaya ta bayan fage. Kare gawo ma ba sabon abu ba ne a nan, tsofaffi suna ba da labarin tsananin da Sarkin Damagaram Tanimu ya yi a kan mai sare shi. Abin da muka tattaro daga maganganun malaman da suka halatta tara sharuɗɗa ne shida: mai iko na haƙiƙa ne ya ɗora ta, an sanar da dokar kafin a kama mutum da ita, ta hau kan babba da yaro daidai, ba ta wuce girman laifin ba, ta shiga baitulmali da takardar shaidar biya, ba ta kuma tsaya a madadin haƙƙin wanda aka cuta ba. In waɗannan sun cika, musulmi ya biya, kada ya yi ƙarya ko rantsuwar banza don ya kuɓuta. In yana ganin an zalunce shi, ya kai kuka gaba ta hanyar da doka ta buɗe. Ya kuma sani tara da lanho ba su shiga lissafin zakka, kowanne da gidansa.

Masu aron sunan tara

Na farkonsu rashawa. Idan doka ta ce jika goma da takarda, ma'aikaci ya ce kawo jika biyu ka wuce ba takarda, wannan ba rangwamen tara ba ne, cin hanci ne, ko an kira shi na goro ko na shan ruwa. Suratul Baƙara aya ta 188 ta hana cin dukiyar juna da ƙarya da miƙa ta ga masu hukunci, Annabi kuwa ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Lokacin da wani ma'aikacin zakka ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa, Annabi ya hau mumbari ya yi faɗa, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna ba wanda zai kawo masa. Masu sarauta da Allah Ya ɗora wa sulhu, maigari da arɗo da sarki, aikinsu babba ne, ladansu babba ne, sai su tsare kansu daga yankar wani kaso cikin biyan ɓarna, domin in mai sulhu yana da rabo a cikin kuɗin, ƙiyasi ba zai tsaya daidai ba.

Na biyunsu riba. Mai bin bashi ya ce in wata ya wuce ba ka biya ba akwai tarar dala ɗari a kan kowace jika. Wannan ita ce ribar jahiliyya da Alƙur'ani ya rushe, sauya mata suna bai sauya hukuncinta ba. Mawadacin da ke jan bashi azzalumi ne, a kai shi gaban alƙali ya tilasta masa. Wanda ke cikin ƙunci kuwa, Suratul Baƙara aya ta 280 ta ce a saurara masa har ya samu. Mata masu asusu da masu adashi su lura da wannan: ɗan abin da suka yarda a tsakaninsu a kan wadda ta makara zuwa taro, ya shiga asusun kowa, mas'ala ce mai sauƙi a wurin malaman da suka halatta tara, amma ƙari a kan bashi saboda jinkiri babu hanyar halatta shi.

Na ukunsu abin da wasu mazaje ke ɗora wa matar da ta nemi rabuwa, su lissafa har goron sallah da kuɗin mota su ce tara ce. Sunan abin da mace ke bayarwa ta fanshi kanta hul'i, da yardarta ake yinsa. In kuwa ya tabbata mijin ne ya cutar da ita har ta nemi fita, malamanmu sun ce sakin ya auku kuma ya mayar mata da abin da ya karɓa.

Fa'ida ta ƙarshe: wanda biyan ɓarna ya hau kansa ba da gangancinsa ba, kuma ba shi da abin biya, ya shiga cikin masu bashi da Suratut Tauba aya ta 60 ta ambata, ana iya ba shi zakka ya sauke. Mawadatanmu su tuna da irin waɗannan cikin wannan wata.

Ya ku ƴan'uwa, azumi yana kankare abin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma haƙƙin mutane sai an mayar ko an yafe. Annabi ya umurci wanda ke da haƙƙin ɗan'uwansa a kansa ya warware shi tun yau, kafin ranar da babu dinari babu dirhami, sai a ɗebi ladansa a biya. Wanda ya san dabbobinsa sun ci gonar wani bara ya ɓoye, ya je ya same shi kafin salla. Wanda ya karɓi fiye da hasararsa ya mayar da ragowar. Wanda rabon maraya na diyya ke hannunsa ya fito da shi. Wanda kaffara ke kansa ya auna hatsinsa ya nemi miskinai, ga su nan a kowace unguwa.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya tsarkake dukiyoyinmu daga haram, Ya sanya albarka a gonakinmu da garkunanmu, Ya daidaita tsakanin manomanmu da makiyayanmu, Ya shiryi shugabanninmu ga adalci, Ya ji ƙan iyayenmu da malamanmu, Ya zaunar da Damargu da Nijar baki ɗaya lafiya. Allah ne Mafi sani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.